Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Kwanaki ke nan abinci ba ya wuce mini wuya. Ko fura na dama sai ta tsinke a ƙwarya ina zaune ina kallonta. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun, damuwa ce ta sa ni.

Ina da 'yar fari. A gidanmu nan Gwandu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta shiga maganarsa gaban mutane, haka muka taras. Ana yaye ta ƙanwar mijina Azumi ta ɗauke ta zuwa Kalgo, shi ya sa nake ce mata Ta-Kalgo. In ta zo hutu, kanta nake kitsawa in yi shiru, in ta yi barcin rana in tsaya ina kallonta.

Ta girma, ta haɗu da Abdulaziz, malamin firamare, yaro mai natsuwa. Mahaifiyarsa 'yar Ilori ce, can ya tashi. Kowa ya yarda da shi, ni ma har cikin raina. Ranar da ya kawo mahaifiyarsa ta gaishe ni, tun asuba na share gida, na soya zabi, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Ina jin tsayuwar motarsu sai na ja mayafi na bi ta ƙofar baya zuwa maƙwabta, kamar yadda uwata ta yi ranar da dangin mijina suka zo gaishe ta. Wallahi a ganina girmama su na yi!

Baiwar Allah ta zauna har la'asar tana jirana. Ba ta taɓa abincin ba. Azumi ta yi ta bayani, ta ce al'ada ce.

"Wace irin al'ada?" in ji ta. "Na baro garina don in ga uwar yarinya, ta gudu? Ɗana ba zai shiga gidan da ba a son ganinmu ba!"

Da ƙyar Abdulaziz ya lallashe ta, ta sa sharaɗi: kafin ta koma Ilori bayan salla, in je Kalgo da ƙafata, gaban dangi, in kira sunan 'yata in ce na ba ɗanta ita. In ban je ba, magana ta mutu.

Surukata Inna Rahmatu na jin haka ta tafa hannu.

"Mi? Ki tai ki buɗe baki kan ɗiyar fari? Wagga rashin kunya ba cikin gidana ba! In kin fita, kada ki dawo ki gaishe ni."

Na dubi mijina Malam Hamidu, ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba ya ja da Inna.

Shekaranjiya sai ga Ta-Kalgo, ta rame, idanu sun kumbura. Ta same ni ina tankaɗe, ta durƙusa.

"Mama, filis, kalma ɗaya ce fa! Kullum sai ya turo mini mesej wai in yi haƙuri, shi ba zai saɓa wa uwarsa ba kuma ba zai iya barina ba. Shi ma ya rame."

Na ci gaba da tankaɗena, ban ɗago kai ba.

"Mama, dube ni mana! Tun ina ƙarama nake jira in ji sunana a bakinki. Ko dai da gaske ba ki sona?"

Na buɗe baki, sunan ya zo har kan harshena, sai ga inuwar Inna a bakin ƙofa. Na ce, "Tashi ki sha ruwa." Abin da na iya faɗa ke nan! Ta share hawaye, ta gaishe da kakarta da ladabi, ta tafi tasha ba ta waiwayo ba.

Yau na gane son da aka ɓoye har mai shi ya kasa ganinsa, ciwo yake zama. Yaran nan sun yi haƙuri, ba su saɓa wa kowa ba, mu manya ne muke wahalar da su. Amma Inna ta riƙe ni kamar 'yarta tun ina amarya, ban taɓa ƙetare maganarta ba.

Salla ta matso. Na wanke mayafina, na ninke, na kasa ɗauka. Sunanta Sa'adiyya. Ga shi na rubuta, karo na farko a rayuwata, hawaye na ɗiga a kai. Don Allah iyaye da 'yan'uwa, ku faɗa mini: in hau motar Kalgo in kira shi da bakina, ko in zauna in rasa ta?