Ƙwayar da Ta Ƙi Riƙo

A can wani zamani, a bangon hanjin wani mutum, ƙwayoyin halitta suna zaune a jere. Kowace tana da 'yan hannuwan furotin a jikinta, ta riƙe ta dama, ta riƙe ta hagu, don kada abinci ya share ta.

Sai ɗaya ta yi ƙiba, ta fara jin kanta.

Ta ce, "Ku sake ni. Ina babba, a riƙe ni kamar mai jiri?"

Maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, mutumin nan ya fara shan kunu fa."

Mai ƙibar ta saki ta dama, ta saki ta hagu, ta gyara zama.

Kunu ya gangaro, ya kwashe ta. Sauran suka matso suka toshe gurbin. Tana ta juyi a cikin kunun, tana cewa, "Ku shaida, da kaina na tafi."