Jirgi Na Huɗu

Ranar da ta fara ganinsa, faɗa suka yi.

Ita ce injiniyar da gwamnati ta turo ta sa ido a kan kwangilar jiragen koyon tuƙi shida na sojan sama: a duba su, a gyara, a sake musu fenti. Ta durƙusa ƙarƙashin fiffiken na farko, ta shafa, ta ji fentin ya tsiyayo. Ta zagaye wurin da jan alli.

Mai fentin ya zare abin rufe hancinsa. "Hajiya, kwana uku na yi a kan fiffiken nan."

"To ka ƙara na huɗu, Malam."

Suka haɗa ido. Ita ta fara kawar da kai, abin da ya ba ta haushi har ta isa gida.

Sau uku tana mayar masa da aiki. A na ukun saƙonsa ya shigo: "Jan Alli, duk inda kika zana sai na daɗe a wurin. Don Allah ki zana a ƙofar gidanku."

Ta yi dariya, sannan ta tsuke fuska ta rubuta: "Ni ke sa hannu a kan aikinku. Sai an gama kwangila. Wata uku."

"Zan jira, ko da a tsaye ne."

Wata uku ya zama tara. Yau fenti bai iso ba, gobe takardar izini tana kan teburin wani babba da ya tafi taro. Kullum suna rumfar jirage ɗaya, amma daga gaisuwa sai maganar aiki. Wani lokacin ji take kamar ta jefi jirgin da allin.

A gida ma babu sauƙi. Yayanta ya kai wa Baba labari.

"Duk karatun nan naki, sai mai fenti?" in ji Baba. "Kada in sake ji."

Yayan kuwa da nasa ɗan takarar: abokinsa, malamin koyar da tuƙin jirgi, wanda in ya zo zance sai ya kwashe awa biyu yana ba da labarin kansa.

Wata safiya ta tarar an fesa jirgi na huɗu yana ƙyalli, amma babu mai fentinta.

"Ya ajiye aiki," in ji manajan kamfanin. "Ya samu inda ya fi."

Ta tura wa mai fentin saƙo: "Ko sallama ban cancanta ba?" Shiru. Kwana tara tana duba waya, tana tsaki.

Haushin ta sauke a kan jirgin. Ta bi shi taku-taku, har ta zo kusa da wutsiya, inda fentin ya yi kauri. Ta sa aka kankare. Sai ga tsaga, tsawon yatsa.

Wani tsohon makanike ya matso ya rage murya. "'Yata, mai fentin nan ya ga tsagar. Manaja ya ce ya shafe, lokaci ya ƙure. Ya ƙi, aka kore shi."

Ta samu mai fentin a wani gareji yana fesa ƙofar mota.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na rubuta wa ofishinku sau biyu, babu amsa. Gobe nake shirin zuwa da ƙafata. In ta wayarki maganar ta fito, cewa za su yi soyayya ce ba tsaga ba, ki rasa aikinki."

"Wa ya ce ka yanke mini hukunci?" in ji ta. "Na zaci ka gaji da ni."

"Ni? Haba, Jan Allina."

Aka soke kwangilar, amma Baba bai sauko ba. "Da mai fenti ne, yanzu kuma marar aiki."

Sai ga malamin tuƙi ya yi sallama, yau babu dogon labari. Ya durƙusa.

"Baba, da ba don mai fentin ba, da ni ne zan fara tashi da jirgin nan mai tsaga, da ɗalibi a gabana. Na janye neman auren. Ka ba shi ita."

Baba ya ce wa yayan, "Je ka ce wa mai fentin ya turo magabatansa."

Ranar da aka kai ta ɗakinta, ango ya leƙa ƙarƙashin mayafin. "Har yanzu ana fushi da ni?"

"Sosai ma."

Mama da ke bakin ƙofa ta ji su, ta yi dariya tana share hawaye. "Ku yi ta yi, yanzu kuna da lokaci. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Ta ƙasan mayafi amarya ta laluɓo hannunsa ta riƙe, ta ce, "Amin."