Tsini Bakwai a Takarda

An tsinci gawar Attahiru a rumfar albasarsa a Aliero, cikin bazarar 1998. Ƙafarsa ta kumbura. Kowa ya ce kububuwa ce.

Sufeto Waliyyu ya duba idon sawun. Babu hudar haƙori. Tsaga uku ce, a jere.

"Ina ya je kafin ya rasu?" ya tambayi matarsa, Iyatu.

"Ko'ina bai tahi ba, Yallaɓai."

Likita Zinatu ta yanki tsokar wurin, ta aika ɗakin binciken da ta yi karatu a Turai. Bayan mako shida takarda ta iso, cike da layuka tsaye kamar karan gero.

"Na'urar tana farfasa furotin, ta auna kowane gutsure," in ji ta. "Kowane tsini gutsure ɗaya ne. Dogayen nan naman Attahiru ne. Gajerun, yawancinsu hayaniyar na'ura ce."

"Yawancinsu?"

Ta zagaye bakwai da jan biro. "Huɗu dafin kububuwa. Uku na gamsheƙa."

"Maciji biyu a rauni ɗaya?"

"Ko kwalba ɗaya."

Ya koma wurin Iyatu, ya ajiye takardar a gabanta. Ba ta iya karatu ba, sai ya gaya mata abin da ke ciki: dafin macizai biyu a tsaga ɗaya.

"Maiyama yat tahi, wurin Ayuba gardi, a yi mai tsagar maganin maciji. Ayuba ya ce in na hwaɗi, sai ya turo min nashi macijin cikin ɗaki."

"Wa kuma ya san Ayuba?"

"Ya'ƙub, ƙanen maigidan. Tun sahe yat tahi kasuwar Jega, can Ayuba yake yau, shi ma a yi mai."

Motar ofis ba ta da mai. Sufeto ya hau babur.

Ya same su a kasuwar, bayan rumfunan 'yan buhuna. Ƙafar Ya'ƙub tana kan cinyar gardin, aska a hannunsa, kwalba a buɗe.

"Ajiye. Mene ne a ciki?"

"Toka da sassaƙe, ranka shi daɗe. Tun kakana."

"Attahiru fa?"

"Ban san shi ba."

Sufeto ya karɓi askar, ya tsoma a kwalbar.

"To miƙo ƙafarka."

Ayuba ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin riga.

"Ɗigo guda na dafin akan sa," ya ce. "Rannan hannuna ya zarce. Ni na kai shi rumfar."

Aka sa masa ankwa. Ya'ƙub yana zaune a ƙasa, yana ta shafa idon sawunsa, yana neman jini.