Jinjinar Mati

Kibiya ta keta filin gishiri, ta ɓace kafin a ƙifta ido. Injiniya Sallau ya dubi allon awo: kilomita ɗari takwas a awa ɗaya. Ya waiga rumfar 'yan kallo, mutum tara ne, biyu daga ciki masu sayar da rake.

Kibiya babur ce mai ƙafa biyu, an lulluɓe ta da ƙwanson ƙarfe mai siffar kifi don iska ta zame a jikinta. Direba yana kwance a ciki, ba a ganin ko yatsansa. Shekara goma sha ɗaya Sallau ya yi yana ƙera ta, amma mutanen Birnin Gishiri ko a jikinsu. Su dai Titin Wuta, inda babura biyu ke tsere na daƙiƙa shida, hayaƙin taya na shiga hanci, mata na guɗa, mahayi na ɗaga hannu ya yi wa jama'a jinjina.

Majalisar gari ta ce in rumfa ba ta cika ranar Asabar ba, za a shimfiɗa faifan sola a filin. Abin ya ci wa Sallau rai matuƙa.

"Yaya, mutum ake zuwa kallo," in ji ƙaninsa Mati, tsohon zakaran Titin Wuta, wanda shi ke tuƙa Kibiya. "Wa zai yi wa gwangwani kirari? Cire murfin su gan ni."

Sallau ya san lissafin iska sarai, amma ya ɗauko sufana ya kwance murfin.

"Kada ka motsa ko gashin gira," ya ce.

"Haba Yaya, sai ka ce yau na fara."

Labari ya bazu cewa za a ga Mati, Asabar rumfa ta cika maƙil, har da makaɗa. Da Kibiya ta zo daidai jama'a, hannun Mati ya yi abin da ya saba shekara ashirin. A irin wannan gudu iska bango ce. Ta fizge hannun, Kibiya ta karkace, ta yi ta wuntsilawa har nisan kilomita huɗu.

Sallau kaɗai ya gani, a allo. Ya zauna a kan gishiri. A rumfa ana ta kiɗa, ba wanda idonsa ya kama komai.

Wani dattijo ya leƙo ta kan shinge.

"Injiniya, rana fa tana yi. Yaushe Mati zai wuce?"