Iyayen Madacin Rafin Maje

"Kwanta! Kwanta na ce, ko in fasa maka kai!"

Davou bai ma gama ajiye kofin shayinsa ba, Ɗanmusa ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. Nata'ala ya kwashe masa ƙafafu, ya zube ƙasa tim! Nan da nan aka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar lodi, aka naɗe masa idanu da tsumma.

Muntaka na tsaye a ƙofar ɗakin masu gadi, fuska a naɗe da rawani, gumi na bin bayansa. Shi ya zaɓi ranar, shi ya zaɓi lokacin: Juma'a da hantsi. Shekara tara ya yi yana malamin daji a gandun Rafin Maje, kafin a kore shi lokacin rage ma'aikatan da aka yi bara waccan. Ya san duk Juma'a sauran masu gadi uku sukan hau kekuna su tafi masallaci Aujara, su leƙa iyalansu, ba sa dawowa sai yamma liƙis. Davou mutumin Filato ne, Kirista, shi ake bar wa daji. Ran Lahadi kuma su riƙe masa ya je coci a Dutse. Tsari ne na mutunci tsakanin abokan aiki, shi Muntaka ya ɗauka ya miƙa wa 'yan fashi.

Sharaɗi ɗaya ya kafa: ba za a taɓa lafiyar dattijon ba.

"Na ji," in ji Ɗanmusa, ogan 'yan fashin, a lokacin. "Amma ka san dokata, baaba. Wanda ya gane ɗayanmu ba ya kwana duniya."

Shi ya sa Muntaka ya kulle bakinsa. Davou ne ya koya masa aiki, ya san muryarsa, ya san har tarinsa. Da hannu kawai ya nuna akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ɗanmusa ya ɓalle kwaɗon da gindin bindiga. Ga su nan: littafin takardun izini, da gudumar hatimi wadda ake buga wa gungumen da aka sare bisa ƙa'ida. Gungume mai wannan tambari, ba shingen da zai tare shi.

"Yawwa! Mazaje, a shiga daji!"

Gandun nan kashi biyu ne. Gabas an yarda a sara da izini, yanki bayan yanki, ana sara ana dasawa. Yamma kuwa, yanki na tara, ko ƙirare ba a ɗiba. Can ne madatai suke, manya-manya, waɗanda kakannin kakanni suka tarar. Can gada da zomo suke fakewa, can tsuntsayen da ke ƙetaro teku suke sauka duk shekara. To, wani Alhaji mai injin tsaga katako a Kano ya samu izinin gabas. Abin da aka tsara zai kai shekara ashirin, ya lashe shi ƙaf a shekara biyu, ko tsiro ɗaya bai dasa ba. Da ya nemi yamma, Davou ya ce sai dai bayan ransa. Sai Alhaji ya nemo Ɗanmusa, Ɗanmusa ya nemo Muntaka a tashar Yalwawa yana dako.

Sani direba ya kutsa da tirela har bakin rafi. 'Yan lodi suka diddiro. Nata'ala ya finciki igiyar injin zarto.

Ƙarar ta cika daji. Tsuntsaye suka tashi fir! Madacin farko ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya karkata, ya faɗi rim! Ƙasa ta girgiza.

"Saura! Saura! Ba wasa muka zo ba!"

Biyu. Biyar. Tara. Muntaka na gaba yana nuna inda za a sa zarto. Wallahi zuciyarsa tafasa take, amma yana tuna yadda aka miƙa masa takardar sallama a ofis, mai miƙawar ko kallonsa bai yi ba. Dajin da ya tsare shekara tara, me ya tsinana masa? A sare!

Sai Nata'ala ya nufi wata bishiya wadda mutum uku ba za su rungume ta ba. A gindinta an zagaya farin fenti.

Muntaka bai san lokacin da ya riƙe masa hannu ba.

"Bar wannan," ya ce a hankali.

"Kai, ka ga girmanta kuwa? Ita kaɗai ta fi uku!"

"Kogo ne cikinta. Gara ta cinye. Duk mai farin zobe ruɓaɓɓiya ce, shi ya sa aka shafa musu alama."

Ƙarya ce tsagwaronta. Masu farin zobe su malaman daji suke kira iyaye. Ko a inda aka halatta sara, ba a taɓa su, domin su ke zubar da irin da daji zai sake tashi. Ranar da Muntaka ya fara aiki, Davou ya ba shi gwangwanin fenti ya ce, "Ka sare 'ya'ya, daji zai yi jinya ya warke. Ka sare uwa, ka rufe gida." Shekara tara hannunsa na kewaye bishiyoyin nan da fenti. Yau ya iya cin amanar mutum, amma hannun nan ya ƙi.

Nata'ala ya yi tsaki ya wuce. Haka suka tsallake guda shida.

Kafin la'asar madaci goma sha bakwai na kwance, an datsa, an loda. Ɗanmusa ya duba agogo.

"A kawo tsohon nan ya cika takarda."

Muntaka ya zabura. Ya matso ya raɗa masa, "Oga, ni zan cika. Kada a buɗe masa ido."

"Sa hannunsa aka sani a shinge, ba naka ba. Fuskokinmu a rufe suke, tsoron me kake?"

Aka jawo Davou har gindin tirela, aka kwance shi, aka zare tsumman. Ya ƙifta ido. Ya dubi inda inuwa take da safe, yanzu rana ce fetal da kututture jajaye. Sai idonsa ya sauka kan bishiya mai farin zobe. Ya waiga, ga wata. Ga wata can. Shida, tsaye cak a tsakiyar ɓarna, mafiya girma a wurin.

Muntaka ya ga lokacin da abin ya faɗo masa a rai. A zuci yake roƙo: Baba, yi shiru. Don Allah yi shiru. Amma ya san mutumin. Davou bai taɓa iya haɗiye magana ba, abin da ya hana shi ƙarin girma ke nan shekara da shekaru.

"Ɓarawo ba ya barin babbar bishiya," in ji Davou, muryarsa a dishe. Ya bi fuskokin nan naɗaɗɗu ɗaya bayan ɗaya. "Wanda ya bar iyayen nan a hannuna ya koyi aiki. Muntaka, ashe kai ne? Ɗana, me ya kai ka?"

"Oga, tsaya—!"

Tau!

Davou ya zauna daɓas, kamar wanda ya gaji. Ya kife.

Muntaka ya durƙusa ya tallafo kansa. Jini ya jiƙa rigar kakin. Rai ya riga ya fita.

"Ka ce ba za a taɓa shi ba!"

"Na ce wanda ya gane mu. Wa ya sa ya gane? Kogo ne, ko? Gara ta cinye, ko?" Ɗanmusa ya jefa masa littafin a ƙirji, ya juyo bakin bindiga. "Tashi, malamin daji. Cika takarda, ka kwaikwayi hannunsa. Ka buga hatimi. Minti goma!"

Muntaka ya tashi. Hawaye bai zo ba, abin ya wuce nan. Ya bi gungumen yana buga guduma, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sannan ya ɗora littafin a kan tayar mota. Cikinsu babu mai karatun boko sai shi. Wurin da aka tambayi yankin da aka yi sara, inda Alhaji ya ce a sa na uku da ke gabas, ya rubuta na tara. Ya maimaita da manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙasa.

"Mu ware!"

'Yan lodi suka watse ta cikin gonaki. Su huɗu suka matsu a gaban tirela.

Shingen yana mararrabar da ake hawa titin Kano: ganguna biyu, katako mai ƙusoshi, 'yan sanda huɗu ƙarƙashin Sufeto Abdurrahim, da wani tsohon ma'aikacin daji mai duba takardun itace. Sani ya rage gudu yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, sannunku da rana!"

Tsohon ya karɓi takarda. Ya zagaya ya ga hatimi. Ya dawo kan takarda. Muntaka na kallonsa ta madubi, ya ga yatsansa ya tsaya a kan layin nan. Tun da aka shata gandun ba a taɓa ba da izinin ko reshe ɗaya a yanki na tara ba, kowane malamin daji ya san haka. Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya taka a hankali wurin Sufeto, ya yi masa magana a kunne.

"Direba, kashe mota! Kowa ya sauko!"

"An sayar da mu!" Ɗanmusa ya daka tsawa. "Sani, taka!"

Tirela ta zabura, ta hau ƙusoshi. Fus! Fus! Tayoyin gaba suka tafi. Harbi ya ɓarke ta ko'ina. Gilashi ya tarwatse. Sani ya kife kan sitiyari, motar ta sauka titi, ta tafi a karkace, ta kwanta cikin kwalbati. Sarƙa ta tsinke, gungume suka yi ta gangarowa.

Nata'ala ya fita ta taga yana harbi. Taku uku ya yi, gungume ɗaya ya bi ta kansa.

Ɗanmusa ya shaƙo wuyan Muntaka. "Kai ne, ɗan iska! Me ka rubuta?"

"Gaskiya na rubuta."

Ɗanmusa ya harbe shi a cinya, ya tura shi waje ta ƙofa don ya tare harsashi, shi kuma ya sulale ta ɗaya gefen ya faɗa cikin gonar dawa. Damina ce, dawa ta fi tsayin mutum. Har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kwana goma sha ɗaya Muntaka ya yi a asibiti a Dutse, ƙafa ɗaure da gado. Bai ɓoye komai ba. Ya faɗi sunan Alhaji, ya faɗi unguwa, ya faɗi launin ƙofar gidan. Aka rubuta, ya sa hannu. Da aka karanto takardar a gaban kotun fashi da makami, babu wannan shafin. Hukunci bai ɗauki lokaci ba: harbi.

Ana saura kwana biyu, Sufeto Abdurrahim ya zo gidan yari. Ya tsaya a bakin ƙarfe, hula a hannu.

"Na zo ne don na san kai ne ka tsayar da motar nan. Na faɗa, ba wanda ya saurara."

"Ranka ya daɗe, ba wannan ke damuna ba. Iyalin Baba Davou fa?"

Sufeto ya dubi hular da ke hannunsa.

"Matarsa Dorcas ta koma Filato da yara biyar. An karɓe gidan ma'aikata." Ya juya hular. "Washegarin abin ta zo ofishinmu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a taimaka mata da gungume ɗaya cikin waɗanda mijinta ya mutu a kansu, kafinta ya yi masa akwatin gawa. Aka ce kayan shaida ne, ba a taɓawa."

"Da me aka binne shi?"

"'Yan cocinsu suka haɗa allunan tsofaffin bencina."

Muntaka ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. Mutum uku a ƙasa, shi na huɗu jibi. Madaci goma sha bakwai, kowanne ya girmi kakansa.

"To, kayan shaidar suna ina yanzu?"

"An yi gwanjonsu makon jiya. Mutum ɗaya ne ya zo saye, daga Kano." Sufeto ya mayar da hularsa, ya kasa haɗa ido da shi. "Da takarda ya kwashe su, Muntaka. Ni na ɗaga masa shinge."