Jan Tafin Ɗan Takara

Ranar Talata da hantsi mutum biyu suka shigo kwamisariyar 'yan sandan Tasawa, ɗaya da makulli a hannu, ɗaya da tabarma a hammata. Mai makullin shi ne Pasto Filibus na ƙaramar majami'ar da ke bakin gari, hanyar Korgom. Mai tabarmar wani dattijo ne siriri, Iliya, wanda ya shekara goma sha tara yana tsaron mangaza, ɗakin ajiyar majami'ar.

Shekarar bayan fari ce. Sojoji na kan mulki, sun sa ranar zaɓen shugaban ƙasa, gari ya cika da tutoci da amsa-kuwwa, rumbuna kuwa wayam.

Insifekta Ƙadri ya ajiye kofin shayinsa.

"Tabarmar fa, Baba?"

"Ta kwana ce, ranka ya daɗe. Na san inda ake kai mai makulli in kaya sun ɓace."

Pasto ya yi bayani. Buhu goma sha biyu na gero sun yi ƙafa, kuma ba geron ci ba ne, iri ne. Gida arba'in suka tara shi tiya-tiya, Kirista da maƙwabtansu Musulmi, kowa ya hana bakinsa don ya samu abin shukawa in ruwa ya sauka.

"An fasa kwaɗo?"

"Lafiyarsa lau," in ji Pasto. "Abin da ya ɗaure mana kai ke nan. Dattawan ikkilisiya sun karɓe makulli. Sun ce in hatsin bai fito ba, ranar Lahadi za a tsayar da Iliya gaban jama'a a kira shi ɓarawo."

Idon Iliya ya ciko.

"Naɗe tabarmarka, Baba," in ji Ƙadri. "Ɗakinmu ya cika da masu yage hotunan 'yan takara. Mu je in ga wurin."

Mangazar ɗakin ƙasa ce mai ƙyauren ƙarfe. Ƙadri ko kallon kwaɗon bai yi ba, ya zagaya ɗaya gefen. Kusoshin da ke riƙe ƙyauren da bango suna ƙyalli, an shafa musu mai. Wato ɓarawon bai nemi makulli ba, ƙyauren ya kwance gaba ɗaya, ya gama aikinsa ya mayar.

"Yaushe kuka bar wurin nan ba kowa?"

"Lahadin waccan," in ji Pasto. "Duk mun tafi ɗaurin aure Korgom, sai la'asar muka dawo."

A cikin ɗakin wani jan gari ya kwanta a ƙasa. Ƙadri ya durƙusa ya shafa. Tafinsa ya yi ja kamar an ɗaura masa lalle.

"Kai! Kada ka kai shi baki!"

Wata tsohuwa ce ta faɗo ɗakin tana haki. Marta ce, matar Iliya.

"Maganin iri ne, malamin gona ya ba mu saboda ƙwari. Ni na cuɗa shi da hannuna, ga shi har yau yana gefen farcena. Guba ne, ɗana. Geron nan ƙasa kaɗai ke cin sa."

Ƙadri ya wanke hannu sau uku da sabulu, jan bai fita ba. Ya juya ga Iliya.

"Ban da mutanenku, wa ya taɓa ganin cikin ɗakin nan?"

"Babu."

"Babu?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Marta ta tafa hannu.

"Yau ga ikon Allah! Malam, za a kira ka ɓarawo gaban jikokinka kana rufa wa wani asiri? Mamudu ya zo. Mamudu mai shagon wayoyi, wakilin jam'iyyar nan mai alamar ƙwarya. Ya ce a ara masa buhunan yini ɗaya, masu kamara za su zo daga Yamai."

"Na hana shi," in ji Iliya a hankali. "Na ce masa iri ne. Ya yi dariya ya ce ai ya gani, iri mai kyau."

"Me ya sa ka ɓoye mani?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Lokacin yunwa ɗiyata Rut ta kwanta, naƙuda ta zo da gardama. Babu mota a unguwar nan. Mamudu ya ɗauke ta a tasa har asibitin Maraɗi, ko na isansi, man motar, bai karɓa ba. Tana raye, ɗanta na raye. Da wane baki zan kai sunansa wurin 'yan sanda a kan zato?"

Ƙadri ya so ya yi masa faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Ya dai girgiza kai ya hau motonsa mai ƙafa biyu.

Azahar ta riske shi a rumfar Rashida mai abinci, inda rabin ma'aikatan gari ke cin shinkafa da wake suna kallon tele. An gama labarai, aka shiga filin 'yan takara. Kowa da 'yan mintocinsa, kowa da alkawarinsa. Wannan zai haƙa rijiya, wancan zai kawo kwalta, wani har ruwan sama ya kusa yi wa mutane alkawari.

"Ga namu nan!" in ji Rashida. "A Tasawa aka ɗauka. Sau uku a rana ake sa shi, har na haddace. Tun da ya fito maigidana ya sauya jam'iyya."

Kalangu ya tashi. Ga ɗan takarar ƙwarya cikin farar shadda, a bayansa tarin buhuna an lulluɓe su da atamfar jam'iyya. Mata na guɗa. Wata murya mai kauri ta ce, "Wasu sun zo da surutu, mu mun zo da hatsi." Ɗan takara ya tsoma hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya bar geron ya zuba. Sannan ya ɗaga hannun yana gaida jama'a, kamara ta matso.

Tafinsa ja ne.

Ƙadri ya dubi tele, ya dubi nasa tafin da ke riƙe da cokali. Ya tashi ya bar abincin.

Mamudu yana biron jam'iyya, ya sha hula, yana raba riguna. A bakin ƙofa mutanen karkara sun kai hamsin, kowa da buhunsa a naɗe, suna zaune cikin rana.

"Ranka ya daɗe, Insifekta! Ka zo karɓar taka rigar?"

"Na zo taya ka murna. Tallarku ta ci gari. Ina ka samo geron?"

"Maraɗi na sayo."

"Wurin wa?"

"Wani Alhaji ne... sunan ya kwanta mani."

"Motar wa ta kawo?"

"Ta haya ce."

"Yana ina yanzu?"

"An kai Mayahi ajiya. Sai bayan zaɓe za a raba."

"Na ga hannun ɗan takararku ya yi ja."

Mamudu ya yi wata dariya wadda ba ta wuce haƙori ba.

"A telen Rashida ka gani ko? Ai kalarta ta lalace, har liman ja yake fitowa a ciki."

Ƙadri bai fitar da hannunsa daga aljihu ba. Ya yi sallama ya tafi. Ya kira abokan aikinsa na Mayahi, suka duba, ko ƙwayar gero ba a kai can ba.

Washegari da safe ya bi tashar masu amalanke yana leƙa katakon kowace. A ta bakwai ya tsaya. Jan gari ya shiga tsagar katakon. Mai ita wani ƙato ne, Tanko, yana ɗaura wa jakinsa igiya.

"Me ka ɗauka da wannan?"

"Jar ƙasa, ta masu gini."

"Jar ƙasa ce ke tsiro da gero?" Ƙadri ya tsamo ƙwaya biyu daga tsagar. "Saurara, Tanko. Wannan guba ne. In ka ba wani ya ci, faɗa mani yanzu."

Tanko ya saki igiyar.

"Innalillahi! Kajina! Na share abin da ya zube na watsa musu, shida suka mutu rana ɗaya. Na ɗauka annoba ce."

"Wa ya sa ka aikin?"

"Mamudu. Ya ce Pasto ya ara masa, makullin ne ya ɓata. Da rana tsaka muka kwashe, wallahi ban san sata ba ce." Ya dafe kai da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, ai yau da asuba muka loda su a kamiyo, babbar motar kaya. Yau kasuwar Urafan, can za a raba wa mata."

Ƙadri bai tsaya jin sauran ba. Ya buga wa jandarmomi waya, ya ɗauki motar kwamisariya, ya bi ta majami'a ya kwashi Iliya da Marta da Pasto. Hanyar Urafan yashi ce da ramuka. Sau biyu suka kafe, Pasto da Iliya suka sauka suka tura. Marta addu'a take da ƙarfi tun daga Tasawa, Ƙadri na amsa mata da amin yana taka mota.

Sun isa rana ta take. A gefen kasuwa an kafa rumfa, kalangu na tashi, mai kamara na kan teburi. Mata sun yi layi har bayan mahauta, kowace da ƙwaryarta. An riga an farke buhu biyu.

Motar ba ta gama tsayawa ba Marta ta dira. Allah kaɗai ya san inda tsohuwar nan ta samo muryar.

"Kada ku ci! Iri ne! Akwai magani!"

Kalangu ya mutu. Mamudu ya fito da amsa-kuwwa a hannu, gumi na tsiyaya daga hularsa.

"Ƙarya ce! 'Yan adawa suka turo su! Jan ƙura ce kawai, in an wanke shi ke nan."

Ƙadri ya ɗebi geron cike da hannu ya miƙa masa.

"To bismilla. Ga ruwa, wanke ka tauna gaban kamararka."

Mamudu ya dubi geron. Hannunsa bai motsa ba.

Ƙadri ya buɗe ɗaya tafin ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Wannan a ɗakin Iliya na samo shi jiya. Ni ma telen Rashida ce ta lalata mani kala?"

Amsa-kuwwa ta faɗi ƙasa. Mamudu ya zauna kan buhu, ya cire hula.

"Aro na yi," ya ce. "Wallahi aro na yi. Manya sun ce in tanadi hatsi don hoto, ni kuma ba ni da shi. Na ce in an ɗauka da yamma in mayar, ba wanda zai sani. Sai suka ce a bar shi tukuna. Da tallar ta fito, mutane suka cika mani ƙofa tun daga Issawan, kowa na cewa ya gani da idonsa a tele. Shekaranjiya aka bugo daga Yamai aka ce in raba, za a sake ɗauka. In ce musu me? In ce na sata ne?"

"Kana sane da maganin?"

"Na ga jan. Na ce wa raina wanki zai fitar da shi." Ya rufe fuska. "Ban tambayi kowa ba, don kada a ce mani a'a."

Mata goma sha bakwai ne suka riga suka karɓa. Jandarmomi suka bazu cikin kasuwa suna shela, amma ba a sha wahala ba. Ɗaya bayan ɗaya matan suka dawo, kowace ta juye ƙwaryarta cikin buhu. Wallahi, ba ƙaramin abu ba ne mace mai yara da yunwa a gida ta juye hatsi da hannunta. Ta ƙarshe wata tsohuwa ce, har ta kai nata bakin turmi a gidan 'yar'uwarta. Ta juye, ta kakkaɓe ƙwaryar, ta kama hannun Marta.

"Da jikokina huɗu sun sha furar nan yau. Allah ya raya naki kamar yadda kika raya nawa."

Marta ta fashe da kuka.

"In ruwa ya sauka ki zo Tasawa, Iya," in ji Iliya. "Tiyata ta iri, rabi naki ne."

Ƙadri ya sa wa Mamudu ankwa. Suna nufar mota Iliya ya tare su da moɗar ruwa a hannu.

"Ranka ya daɗe, a bar shi ya sha. Hanya da nisa."

Ya riƙe masa moɗar a baki saboda ankwar. Mamudu ya kurɓa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba Iliya, na bar ka da sunan ɓarawo."

"Haka ne, ka bar ni da shi," in ji dattijon. "Wannan kai da hukuma. Amma alherin da ka yi wa Rut yana nan, ban manta ba, kuma in alƙali ya tambaye ni zan faɗa masa. Na gode, Mamudu."

Nan ne Mamudu ya rushe da kuka, ƙato da shi, gaban matan kasuwa. Aka sa shi a mota.

Pasto Filibus ya laluba aljihu ya fito da makullin. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya rusuna ya miƙa wa Iliya.

"Ka gafarce mu, Baba. Lahadi za ka tsaya gaban jama'a, amma mu ne za mu ba ka haƙuri."

Iliya ya karɓa ya rataya a wuya. Ya juya ya kama jan tafin Insifekta Ƙadri, ya riƙe shi tsawon lokaci.

"Ya isa, Baba," in ji Ƙadri. "Je ka ƙirga buhunanka kafin a loda. Tabarmar kuma a bar ta gida."