Ɗaki Biyu, Gida Ɗaya

"Babu komai a ciki, Gwana."

Injiniya, mai gyaran kwamfuta, ya juyo mata da kwamfutar a kan teburinsa mai cike da wayoyi da ƙananan kusoshi. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi da ke ƙyaftawa a kusurwa.

"Ka sake dubawa," ta ce. "Na ajiye kwafi. Da hannuna na kwashe komai na kai ɗaya faifan kafin in sa sabuwar manhajar."

"Wane ɗaya faifan?"

"Na biyun mana. Ai biyu take nunawa."

Ya cire ɗan madubin da ke idonsa, ya dube ta da wani irin tausayi da ta fi son mari a kansa.

"Faifai ɗaya ne, an dai raba shi ɗaki biyu. Kin kwashe kaya daga falo kin kai uwar ɗaka, sannan kin sa an rushe gidan. Da ta tambaye ki a bar tsohuwar manhaja ko a goge gaba ɗaya, me kika danna?"

Ta sunkuyar da kai.

"Goge..."

"Da ta ƙi tashi fa?"

"Na sake sawa. Sau uku."

"To kin zuba siminti a kan kangon ke nan. Da a karon farko kika kawo min, da na tono miki wani abu."

Ta zauna a kan benci. Ita ce fa Gwana! A ofishin da take buga takardu, ko na'urar kwafi ce ta shaƙe ita ake kira. Sunan ya bi ta har gida, har ta fara yarda da shi. Kwamfutar tata ta yi nauyi, ta kalli bidiyo biyu a waya, ta ce aikin minti talatin ne.

Ba hotunanta take yi wa kuka ba. Fira goma sha ɗaya ce a ciki, muryar mahaifin wanda za ta aura. Saurayin nata, likitan ido da take kira Likita, shi ya bar wa tsohon 'yar rakoda a watanninsa na ƙarshe, ya ce ya riƙa faɗar duk abin da ya tuna. Bayan rasuwar ya kasa saurara. Ita ce ta karɓa, ta ce za ta rubuce masa su tsaf su zama littafi. Ita ce kuma ta ce masa, da bakinta, ya share rakodar ya ci gaba da aiki da ita, ai komai yana wajenta.

Rubutun da ta yi wata huɗu tana yi ma yana cikin uwar ɗakan.

"Share hawayenki," Injiniya ya ce, ya matso da kujerarsa fiye da kima. Shekara biyu yana nemanta tana kaucewa. "Ki ce masa ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shiga. Ni zan shaida. Wa zai yi musu da mai gyara?"

"Ƙarya ke nan."

"Rufin asiri dai. Kin san yayarsa neman hanyar raba ku take. Ki bar min kwamfutar, ki je ki huta."

Ta bar masa. Kunya ta hana ta tunani.

Kwana biyu Likita yana kira, tana cewa kanta ke ciwo.

"Gwanata, ko in zo in duba miki ido? Ƙila kallon kwamfuta ne ya yi yawa."

"A'a... kar ka zo."

"Ko dai an fara yi min rowar fuskar tun yanzu?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta kashe wayar, ta kifa kai a gwiwa.

Rana ta uku da hantsi Yaya, yayar Likita, ta aiko a kira ta. Yaya ce babba a gidan, ita ta zama uwa ta zama uba, kuma tun ranar farko ta ce yarinyar ta cika iyayi.

A falon ta same su. Yaya a kujerar tsakiya, Likita a tsaye jikin taga. A kan teburi kuwa ga kwamfutarta.

Injiniya ya riga ta zuwa.

"Zauna," in ji Yaya. "Mai gyara ya zo da kansa, bawan Allah. Ya ce kin goge muryar Baba, kin kuma roƙe shi ya ce cuta ce ta cinye. Ya ce zuciyarsa ta kasa ɗauka."

Gwana ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Na ce mata ƙarya yake," Likita ya ce ba tare da ya juyo ba. "Na ce kishi ne. Faɗa mata, Gwana."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya za ta ce, ya tsaya mata har ƙarshen duniya.

Ta durƙusa a kan kafet.

"Rabi gaskiya ne, Yaya. Ban roƙe shi ba, shi ya kawo shawarar. Amma ban ƙi ta yadda ya kamata ba, na yi shiru kwana biyu. Gogewa kuwa ni na goge. Ba cuta ba ce, ba tsautsayi ba ne. Ban san abin da nake yi ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya."

Likita ya juyo a hankali.

"Duka?"

"Duka."

"Har wadda yake dariya? Na jiyo shi daga waje ranar yana dariya shi kaɗai..."

"Har ita."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar, ya fita.

"Gwana," Yaya ta ce tana jinjina sunan. "Gwanar rusau. Ɗauki kayanki."

Mako guda bai kira ba, ita ma ba ta da fuskar kira. A ofis aka ce na'urar kwafi ta shaƙe, ta ce a nemi wanda ya sani. Ta sayi littafin rubutu mai kauri da biro uku. Tana dawowa daga aiki sai ta zauna a tsakar gida ta rufe ido. A can baya ta yi wata huɗu tana mayar da kowace jimlar tsohon baya sau biyar, sau goma, don ta kama kalma. Ashe muryar ta zauna mata a kunne. Abin da ta tuna ta rubuta. Inda ta yi shakka ta bar fili, ba ta cike da nata ba.

Rana ta takwas ta je gidan ba a kira ta ba. Ta ajiye littafin a gaban Yaya.

"Ba muryarsa ba ce. Ba zan iya mayar muku da ita ba. Amma maganarsa ce, gwargwadon abin da na riƙe. Na yi kwafi uku, kowanne a gida daban."

Yaya ta ture shi da ɗan yatsa.

"Wa ya san ko ƙirƙira kika yi?"

Gwana ta ce a hankali, da irin jan numfashin tsohon:

"'Babbar tawa, wato, uwar faɗa ce. Amma ranar da aka kai ni asibiti takalmi daban-daban ta sa, ba ta sani ba har yamma. Ban faɗa mata ba, wato, kar ta cinye ni.'"

Yaya ta dafe baki. Babu wanda ya san zancen takalmin nan sai ita da marigayi.

"Wato..." ta maimaita, hawaye na zuba. "Wato ɗin nan nasa."

"Me ya sa shi dariya ranar?"

Likita ne a bakin ƙofa. Ba ta san tun yaushe yake tsaye ba. Ya rame.

"Kai ne," ta ce, ta kasa kallonsa. "Wai kana shekara shida ka sa wa kyanwar maƙwabta tabaransa, ka ce ba ta gani sosai."

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya tako ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Na yi fushi, Gwana. Har yanzu da saura."

"Da gaskiyarka."

"Amma shekara guda muryar tana hannuna na kasa danna ta. Ke kika zauna kika saurare shi har ƙarshe. Yanzu duk duniya ke kaɗai ce kwafin da ya rage." Ya share ido. "Kin ga dole in adana ki da kyau, rabin raina."

"Ka daina kirana Gwana."

"Ina! Yanzu ma kika fara cin sunan."

Yaya ta ja tsaki, ta jawo littafin ta rungume a ƙirji.

"Ku tashi min daga ƙasa. Ranar auren da aka sa tana nan, ban ɗaga ba." Ta shiga buɗe shafuka, sai ta tsaya. "Ke, daga ta takwas kin tsallaka zuwa ta goma. Ina fira ta tara?"

Gwana ta dubi littafin. Ta tara ce kaɗai ba ta manta ko kalma ɗaya a cikinta ba.

"Yaya, wannan sai mun zauna..."

Aka yi sallama a ƙofar falo.

Wata mata ce, sa'ar Yaya, da jakar tafiya a hannu da ƙurar mota a gyalenta. Ta dubi hoton marigayi da ke bango, ta daɗe tana kallo, sannan ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Nan ne gidan Babana?"

Yaya ta miƙe tsaye. Likita ya juya ya kalli Gwana.

Ita kuwa idonta yana kan ɗan tabon da ke girar matar ta hagu, daidai inda tsohon ya ce yake a fira ta tara, da yake ba da labarin 'yar da ya ɓoye musu.